Makarantar kuɗi ko ta gwamnati: yadda za ka zaɓa wa ɗanka a Legas

Duk ƙarshen watan Agusta, in an idar da sallar isha'i a masallacin layinmu a Agege, hirar bakin ƙofa ba ta wuce ta makaranta. Wannan ya ce an ƙara musu kuɗin zango, wancan ya rantse bana sai ya kwashe 'ya'yansa ya kai ta gwamnati, wani kuma da bai daɗe da ɗauko iyalinsa daga gida ba ya yi shiru yana saurare, bai san ta inda zai ɓullo wa lamarin ba. Na yi shekaru ina koyarwa a makarantar kuɗi kafin in kama kasuwanci, 'ya'yana kuma sun zauna a kowane ɓangare, shi ya sa akan juyo a ce mini, "Malam, tsakani da Allah, wacce ta fi?" Ni kuma sai in ce a fara gaya mini wace makarantar kuɗin ake nufi, kuma wace ta gwamnatin. A garin nan sunan firabet ya haɗa makarantar Ikoyi mai wurin ninƙaya da shaguna biyu da aka raba da falanki a bayan kasuwa aka rataya allo. Biyan kuɗi shi kaɗai ba ya kawo karatu. Sai ka taka ka gani da idonka, ka zaɓi abin da aljihunka zai iya ɗauka har ƙarshe, ka kuma ci gaba da bibiya.

Wanda ya taso a Katsina ko Gusau ya saba ganin makarantar gwamnati ita ce ta kowa, ta kuɗi kuwa ta 'yan ƙalilan. A Legas abin a juye yake. Ƙidayar da aka yi a 2011 ta samu makarantu masu zaman kansu sama da 12,000 a jihar, kuma fiye da rabin yaran da ke zuwa makaranta a cikinsu suke, alhali firamaren gwamnatin jiha duka-duka ba su wuce 1,000 da 'yan kai ba. Ƙidayar ta kuma nuna kusan kashi uku cikin huɗu na waɗannan makarantu ba su da amincewar gwamnati. Jama'a na kwararowa, fili ya yi tsada, gwamnati ba ta iya gini da saurin da unguwanni ke tsirowa. Tun zamanin Alhaji Lateef Jakande ake wannan tsere. Da ya hau mulki a 1979 ya tarar ana karatu kashi-kashi, wasu da safe wasu da rana, sai ya zuba gine-ginen azuzuwa, ya soke tsarin, ya mayar da ilimi kyauta. Gwamnatinsa ta ma yi yunƙurin hana firamare masu zaman kansu, Akbishop Anthony Okogie da wasu suka garzaya kotu suka yi nasara. A 2001 kuma gwamnatin Bola Tinubu ta mayar wa ƙungiyoyin addini, na Kirista da na Musulmi, makarantunsu da aka karɓe a baya, suka koma masu karɓar kuɗi. A wannan kasuwa za ka shiga da ɗanka, ga kuma yadda nake ganin ya kamata ka bi ta.

Da farko, ka san abin da ke akwai

Makarantun gwamnatin jiha na jeka-ka-dawo su ne mafi yawa a ɓangaren gwamnati: firamare a hannun hukumar LASUBEB, sakandare a hannun gundumomin ilimi shida. Ba a biyan kuɗin koyarwa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas, Legas ta ɗora da babbar sakandare. Sai kwalejojin jiha na kwana, irin na Meiran, Kankon a Badagry da Igbonla a Epe. Waɗannan sai an ci jarrabawar tantancewa, kuma ana biyan kuɗin abinci da kwana, wanda aka ɗaga daga naira 35,000 zuwa 100,000 a zango a 2024.

Akwai na tarayya: King's College da aka kafa a 1909, Queen's College ta 1927, da kwalejin Ijanikin. Ana shigarsu ta jarrabawar da NECO ke shirya wa 'yan aji shida. Nan nake jan hankalin 'yan'uwana, domin ana ware wani kaso na gurabe don daidaito tsakanin jihohi. Yaron da asalinsa Jigawa ko Zamfara ne yana da ƙofar da iyaye da yawa ba su ma san da ita ba. Makarantun bariki, na soja a Ikeja, Oshodi da Ojo, suna ɗaukar 'ya'yan farar hula da kuɗi matsakaici. Yaron da hannunsa ya fi kansa son aiki kuwa, bayan aji uku na ƙaramar sakandare akwai kwalejojin fasaha biyar na jiha, a Agidingbi, Ikotun, Ikorodu, Ado-Soba da Epe.

Masu zaman kansu hawa uku ne a idona. Na sama, a Ikoyi, Lekki da Ikeja GRA, ana biyan miliyoyi, da yawansu suna bin manhajar Ingila da jarrabawar Cambridge. Na tsakiya, inda makarantun mishan da na ƙungiyoyin Musulunci suka fi yawa. Sai na cikin unguwa masu araha, waɗanda su ne a gaban mafi yawanmu a Agege, Idi-Araba, Mile 12, Ijora da Alaba Rago. A kansu mafi yawan maganata za ta tsaya, domin a cikinsu ne ake samun na kirki ƙwarai da kuma na banza, ƙofa da ƙofa.

Na biyu, lissafin shekara, ba na zango ba

Wannan shi ne matakin da ake tsallakewa, shi ne kuma yake kayar da mutane. Ka je makaranta a ce maka zango naira 40,000 ne, ka ce ai da sauƙi. Zauna da biro. Zango uku ne a shekara, daga Satumba zuwa Yuli, ka ga 120,000 ke nan. Yanzu ka tambayi kuɗin fom da na rajistar sabon shiga. Ka tambayi yunifom, kala nawa ne, akwai na wasanni da na Juma'a, kuma dole ne a makaranta za a saya? Littattafai fa, za ka iya nemowa a kasuwa ko sai nasu, kuma irin waɗanda ake rubutu a ciki ne, da ƙane ba zai gaji na wa ba? Sai kuɗin lesin na wata-wata, wanda a baki ake cewa ganin dama ne amma yaron da bai biya ba a bar shi a waje. Sai kuɗin jarrabawa, na PTA, na bikin ƙarshen shekara, na motar makaranta, wanda ya yi tashin gwauron zabo tun da aka cire tallafin mai a 2023. Ba abin mamaki ba ne ka ga 120,000 ɗin nan ta doshi 200,000. Ninka da yawan 'ya'yanka, har da wanda ke goye yanzu, domin shekara uku kamar gobe ne.

Ka nemi a rubuta maka duk wannan a takarda mai hatimin makaranta, ka kuma tambayi sau nawa suka yi ƙari cikin shekara biyu da suka wuce. Sannan ka auna da watan da kasuwa ta fi mutuwa, kada ka auna da watan Sallah. Mafi yawanmu ba 'yan albashi ba ne. Ɗan gwari ya san akwai watan da tumatir ke ruɓewa a kwando, mahauci ya san akwai satin da shanu ba sa sauka, ɗan canji ma ya san nasa. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Abin da ya sa nake nanata wannan, na gani da idona. A makarantar da na koyar, mako na uku ko na huɗu sakatariya kan shigo aji da takarda ta karanta sunayen waɗanda ake bi bashi, su ɗauki jakunkunansu su fita a gaban 'yan'uwansu. Akwai wani yaro ɗan mahauci daga kwatar Oko-Oba, kaifin kansa a lissafi ya fi na kowa a ajin. Kowane zango sai ya rasa sati biyu ko uku. Da bashin ya taru, mahaifinsa ya ji kunya ya sauya masa makaranta ba sallama, can ma aka maimaita. Na haɗu da shi bayan shekara uku, makaranta ta huɗu yake, an mayar da shi baya aji ɗaya, kuma wannan zumuɗin nasa na ɗaga hannu ya tafi. Da tun farko an kai shi ta gwamnati ya zauna wuri ɗaya, aka ɗauki rabin kuɗin aka biya masa malamin lesin, na tabbata da labarin ya sha bamban. Har yau abin yana damuna, don ni ma ina tsaye a ajin lokacin da ake kiran sunansa.

Ta gwamnati ma ba a shigarta hannu rabbana. Akwai yunifom, takalmi, littattafan rubutu, wasu littattafan karatu, kuɗin mota da na tara. Amma ba wanda zai kore shi don bashi, kuma a aji na ƙarshe gwamnatin jiha ke biya wa ɗalibanta kuɗin jarrabawar WAEC, nauyin da mai ɗa a makarantar kuɗi shi zai ɗauka da kansa.

Na uku, nisa

Yaron firamare kada makarantarsa ta wuce inda za a taka da ƙafa ko a hau keke sau ɗaya. Wanda aka tasa kafin asuba, ya sha cunkoson Iyana Ipaja ko na Ketu a cikin mota, barci zai yi a aji, ya dawo magariba ba islamiyya ba aikin gida. Ka duba kuma ko sai ya tsallaka babban titi ko layin dogo.

Na huɗu, takardar amincewa da lafiyar gini

Ofishin tabbatar da ingancin ilimi na jiha, wanda ake kira OEQA, a ƙarƙashin ma'aikatar ilimi da ke Alausa, shi ke ba makarantu masu zaman kansu izini. Ka ce wa mai makaranta, cikin ladabi, "Ina so in ga takardar amincewarku." Rubutun da ke jikin allon ƙofa ba hujja ba ne, haka takardar rajistar kamfani ko ta shiga ƙungiyar masu makarantu irin NAPPS ko AFED, duk ba su ne izinin ba. Ka duba sunan da adireshin da ke takardar, ka tabbata na wannan ginin ne, ka kuma duba ko izinin na firamare ne kawai alhali sun buɗe sakandare a sama.

Ban ce duk makarantar da ba ta da takarda ta banza ce ba. Sharuɗɗan fili da gini suna da nauyi, kuma na san ƙananan makarantu da ke koyarwa da gaskiya amma ba su kai ga cika su ba. A nazare da farkon firamare kana iya haƙura in sauran abubuwa sun yi. A sakandare kuwa ban yarda ba. Makarantar da ba ta da izini ba ta da lambar cibiyar jarrabawa, sai ta kwashi ɗalibanta ta kai wata makaranta su rubuta BECE, wato jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, ko WAEC da sunan can. A nan ake samun kuɗin da ya salwanta, sunan da aka rubuta ba daidai ba, da sakamakon da aka riƙe. Ka tambaya kai tsaye: a ina 'yan bara suka zauna jarrabawa, kuma da sunan wace makaranta takardarsu ta fito?

Gini kuma ka kalle shi kamar kai za ka kwana a ciki. A watan Maris na 2019 bene ya rufta a Ita-Faji, cikin tsibirin Legas, da makarantar firamare a samansa, aka rasa rayuka har da na yara. In makaranta a saman tsohon gidan haya take, matakala ɗaya siririya, bango ya tsage, ka juya ko da kyauta ce. Ka leƙa banɗaki, ka buɗe famfo ka ga ko akwai ruwa, ka ga ko na mata daban yake. Ka tsaya ka ga wa ke tsaron ƙofa, kuma ko kowa na iya zuwa ya ɗauki yaro.

Na biyar, ka shiga aji

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya bari sai Satumba zai tarar da fenti sabo da azuzuwa babu kowa, ya biya kuɗi a kan abin da bai gani ba. Ka fara yawonka a watan Mayu ko Yuni, ana tsakiyar zango na uku, ruwan sama kuma ya sauka, ka ga layin da ke cika da ruwa da rufin da ke yoyo. Ka je ranar Talata ko Laraba, wajen ƙarfe 10 na safe, ba tare da ka sanar ba. Makarantar da ta hana ka leƙa aji ta riga ta ba ka amsa.

Ka ƙirga yara, ka ƙirga malamai. A nan babban bambancin ɓangarorin biyu yake. Malamin gwamnati yawanci yana da NCE ko digiri, yana da rajista da hukumar malamai ta TRCN, albashinsa na zuwa, kuma tun 2019 shirin EKOEXCEL ya raba wa malaman firamare na'urar hannu mai ɗauke da darasin kowace rana. Matsalarsa yawan yara. Na taɓa shiga ajin ƙaramar sakandare na ƙirga sama da 70. Mai ƙoƙari da ke zaune a gaba zai samu, mai kunya da ke baya kuwa yana iya shekara ba a kira sunansa ba. A ƙaramar makarantar kuɗi yara 20 ne ko 25, malama ta san sunan kowa, mai makaranta na tsaye a kanta, amma sau da yawa ita kanta sakandare kawai ta gama, tana jiran sakamakon JAMB ta tafi.

Yi wannan lissafin ka gane dalili. Makaranta mai yara 100, kowa na biyan 20,000, ta tara miliyan 2 a zango, in kowa ya biya ke nan. Zango da hutunsa wata huɗu ne, wato 500,000 a wata. A cire haya, wuta, man janareto, haraji, alli da ribar mai makaranta, a raba sauran wa malamai tara ko goma. A ƙarshen 2024 an sa mafi ƙarancin albashi a Legas naira 85,000, ka ga ba yadda za a yi su kai can. Shi ya sa tambayar da ta fi kowace amfani ita ce: malamar aji ɗaya shekararta nawa a nan? In an ce huɗu ko biyar, alama ce mai kyau ƙwarai. In kowane zango sabuwar fuska, kowane zango yaro daga farko zai fara.

Sai ka roƙi a ba ka littafin rubutun wani yaro, ba wanda suka zaɓa ba, na wanda ke zaune a bencin baya. Ka duba kwanan wata, ana rubutu kullum ko akwai giɓin sati guda? Akwai jan biro, kuma in yaro ya yi kuskure an sa shi ya gyara? Sannan ka nemi ɗan aji uku ya karanta maka abin da ba daga littafinsa ba, ko da rubutun jikin kwalin madara ne. Yara da yawa suna rera shafi sumul kamar karatu alhali hadda ce, a juya musu wani shafi su tsaya cak. Turancin baki ma kada ya ruɗe ka. Gaisuwa da waƙe da Turanci abu ne mai sauƙi a Legas, ko a titi ana tsintarsa.

In kai ba ka yi boko ba, wannan bai hana ka komai ba. Tafi da ƙaninka ko ɗan maƙwabci da ya gama sakandare. Lissafi kuwa ai kai ne gwaninsa: ce wa yaro an ba shi 1,000 ya sayo burodin 650, nawa ne canji? Ke ma uwa, zuwanki ya fi na uban amfani a wurare da yawa, don ke za ki lura da yadda malama ke yi wa ƙananan magana, da ko akwai bulala a kan tebur. Gwamnatin Legas ta hana duka a makarantu, na gwamnati da na kuɗi. A ƙarshe ki tsaya a bakin ƙofa lokacin tashi ki tambayi iyaye biyu ko uku, musamman wadda ta taɓa cire ɗanta.

Na shida, addini, hijabi da harshe

Wannan shi ne ya fi kai mutanenmu makarantar kuɗi, kuma damuwa ce ta gaskiya. Musulmin Legas sun daɗe da ita. Don ita aka kafa ƙungiyar Ansar-ud-Deen a 1923, don yaro ya yi boko bai bar addininsa ba, kuma kwalejin da yanzu ake kira Anwar-ul-Islam a nan Agege tun 1948 take. Markaz ta Shehu Adam Abdullahi al-Ilori, da aka fara a Abeokuta a 1952 kafin ta dawo Agege, ta yaye malaman Larabci masu yawa da ke koyarwa a makarantun unguwanninmu.

Game da hijabi, a watan Yuni na 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar da 'yancin ɗalibai Musulmi mata su sa hijabi a makarantun gwamnatin Legas, bayan shari'ar da ta ɗauki shekaru. Don haka kada tsoron wannan ya sa ka ƙi ta gwamnati, kada kuma ya sa a ajiye yarinya a gida. A makarantar kuɗi kuwa dokar mai makaranta ce ke aiki, sai ka tambaya tun kafin ka biya: hijabi, addu'ar taron safe, wurin sallar azahar, lokacin tashi ranar Juma'a. Akwai makarantun Kirista masu kyau da ke mutunta wannan, akwai waɗanda ba sa yi, gara ka ji tun a ofis.

Makarantar da ta haɗa boko da islamiyya tana rage wahala, amma a auna ta da mudu biyu. Sunan Larabci a allo da yunifom mai hula ba sa nufin ana koyar da lissafi da kyau, ba sa ma nufin ana koyar da Alƙur'ani da kyau. Ka sa malamin unguwa ya saurari karatun wani ɗalibinsu. In suna cewa suna shirya yara wa jarrabawar NBAIS ta Larabci da addini, ka tambaya ko suna haɗawa da WAEC ko NECO. Ka kuma lura da lokaci: ta gwamnati kan tashi wajen azahar ko jim kaɗan bayanta, yaro ya ci abinci ya wuce islamiyya, yawancin na kuɗi kuwa da lesin sai la'asar.

Yarbanci darasi ne na dole a makarantun Legas, na gwamnati da masu zaman kansu, bisa dokar da aka sa wa hannu a 2018. Wasu iyaye na jin haushin haka, ni kuwa riba nake gani. Yaron da zai yi ciniki a Oshodi ko ya nemi aiki a Alausa, Yarbanci jari ne a gare shi. Hausa ce za ka tsare a gida, domin da wuya ka samu makarantar da ke koyar da ita a nan. Yaron da ya zo daga Arewa ba Turanci ba Yarbanci, a ba shi zango ɗaya ko biyu, kuma kada a ji kunyar mayar da shi baya aji ɗaya in gwaji ya nuna haka.

Na bakwai, takardu

Ka tanadi takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, katin rigakafi ga ƙanana, hotuna, lambar NIN, da katin zama ɗan Legas na LASRRA, naka da na yaron. Makarantun gwamnati na neman katin nan, kuma akan nemi shaidar biyan harajin uba ko uwa, musamman wajen sauyin makaranta da rajistar WAEC. Ka tabbata sunan yaro iri ɗaya ne a ko'ina. Muhammad a nan, Mohammed a can, Mamman a wata takardar, wannan ƙaramin abu yana hana yaro rajistar JAMB.

Firamare, ka je wajen hedimasta ko ofishin ilimi na ƙaramar hukuma. Shiga aji ɗaya na sakandaren gwamnati ta hannun hukumar jarrabawa ta jiha yake bi, wadda ofishinta ke hanyar Iyana Ipaja, kuma makarantar firamaren yaro ce ke yi masa rajista yana aji shida, ko da ta kuɗi ce. Ka tambaye su tun zango na farko ko suna yi. Mai sauyin sakandare, daga ta kuɗi ko daga wata jiha, ofishin gunduma zai nufa: Agege, Alimosho da Ifako-Ijaiye gunduma ta ɗaya, Kosofe, inda Mile 12 take, ta biyu a Maryland, Obalende da tsibiri ta uku, Apapa, Surulere da Ebute Metta ta huɗu a Sabo Yaba, Ojo da Ajegunle ta biyar a Agboju, Mushin, Ikeja da Oshodi ta shida. An fi karɓar masu sauyi a aji biyu na ƙaramar sakandare da aji ɗaya na babba, bayan gwaji.

Bayan an shiga

In kuɗinka ba zai kai duka ba, ra'ayina shi ne ka zuba shi a ƙasa. Shekarun da yaro ke koyon haɗa baƙi, daga nazare zuwa aji uku ko huɗu, su ne suka fi buƙatar ƙaramin aji da malama mai lura. Wanda ya iya karatu da kansa zai rayu a ajin mutum 70, wanda bai iya ba ko a ajin mutum goma wahala zai sha. Haka na yi da nawa: firamare a wata ƙaramar makarantar kuɗi da na yarda da malamanta, sakandare a ta gwamnati, da lesin lissafi da Turanci ranar Asabar.

Kowane mako ka buɗe jakarsa. Ka je taron iyaye da malamai, ko Turancinka bai nuna ba, Turancin kasuwa ya isa, kuma malami na ƙara kula da yaron da ya san fuskar ubansa. Kada sakamakon ƙarshen zango ya isar maka, domin wasu makarantun kuɗi ba sa kayar da kowa, tsoron kada uba ya cire ɗansa. Ka ƙi tayin tsallakar da yaro daga aji huɗu ko biyar zuwa sakandare. JAMB ta sa shekara 16 a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a, saurin ba inda zai kai shi sai zaman jira. Ka guji makarantar da ke yi maka alkawarin kowa zai ci WAEC in an ƙara wani abu, satar amsa ake nufi, kuma hukumar na riƙe sakamakon cibiya ɗungurungum in ta kama.

Tafiya gida ma a tsara ta. Hutun Sallah kwana biyu ne ko uku a kalandar makaranta, mu kuma mukan tafi da yara mu yi wata guda, wani lokaci a tsakiyar jarrabawa. In tafiyar dangi ce ta nishaɗi, a bari sai dogon hutun Agusta.

In kuma ta kama dole a bar makaranta, a bari zango na uku ya ƙare a Yuli. Ka je da kanka ka zauna da mai makaranta, in akwai bashi ku yi yarjejeniyar biya kaɗan-kaɗan, ka karɓi takardar sauyin makaranta, sakamakon zangunan baya da rasit na ƙarshe. Ka haɗa su a leda ɗaya da takardar haihuwa, ka ɗauki hotonsu a waya. Ofishin gunduma zai nemi su, haka ma makarantar Kano ko Sakkwato ranar da ka yanke shawarar mayar da iyali gida.